Masu wankin rufin da suka yi mana aiki a Agege, ga yadda na gan su

Jama'a da yawa sun tambaye ni a kan yaran da suka wanke rufin gidan Kawu, toh bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji. Aikinsu ya yi, zan iya sake kiransu, amma akwai inda suka ɓata min rai kuma zan faɗa.

Rufin irin kwanon nan ne mai tsakuwa a jiki wanda ake cewa Gerard. Ɓangaren da bishiyar mangwaron maƙwabta ta rufe ya koma baƙi ƙirin, ga gansakuka kore shar ta kama bakin indararo, ɗaya ɓangaren da rana ke duka kuwa lafiyarsa ƙalau. Duk wanda ke zaune a Legas ya san daga Afrilu har Oktoba ruwa ake yi, Yuni da Yuli kam ba a magana, iska kanta jiƙe take, inda babu rana rufi ba ya bushewa sam. Mutane na ɗauka datti ne ko hayaƙin janareto, alhali abu ne mai rai, iska ce ke kawo ƙwayarsa daga wani rufin ya sauka ya samu danshi ya yi ta yaɗuwa. Kuma ɓarnarsa ta wuce muni, yana riƙe ruwa a jikin kwano, inda aka buga ƙusa ko inda aka yanka ya fara tsatsa, ganye da gansakuka su toshe indararo ruwa ya koma baya ya bi ta ƙasan kwano, sai ka wayi gari silin ya yi taswira ɗaki na warin ruma.

Abin da ya sa na yarda da su tun farko, wasu da muka fara kira cewa suka yi za su zo da injin wankin mota mai ƙarfin nan su fesa. Shi kuwa ogan waɗannan da ya hau tsani ya duba sai ya ce min, "Alhaji, in aka sa wa wannan rufin inji mai ƙarfi tsakuwar ce za ta bi ruwa, kuma ruwan zai shige ta tsakanin kwano ya sauka a silin." Wallahi gaskiyarsa, don tsakuwar nan ita ce rigar kwanon.

Yadda suka yi, sun fara kwashe ganye da laka daga indararo da hannu, bokiti bokiti. Sannan suka haɗa ruwan kulorin, irin sinadarin da ke cikin Hypo da Jik, suka sirka da ruwa suka fesa a hankali da famfon goyo irin na feshin gona, suka bar shi kamar minti 15 zuwa 20 ba su bari ya bushe ba, sannan suka ɗauraye da tiyo daga sama zuwa ƙasa. Ɗaurayar sun daɗe a kanta sosai, ya ce kulorin na cin ƙarfe da alminiyom in aka bar shi ya kwana. Baƙin ya tafi a ranar, gansakukar mai kauri kuma fari ta yi ta mutu, daga baya ruwan sama ya ƙarasa zubar da ita. Kowannensu da igiya a ƙugu da takalmin roba, wannan ya kwantar min da hankali don jiƙaƙƙen rufi mai gansakuka santsinsa kamar kuɓewa.

Wani abu da ya nuna min, ƙasan inda aka kafa bututun ƙarfe mai ruwan zin, wato ƙarfen zinc da ake shafa wa kwano don kar ya yi tsatsa, akwai layi guda fes ba baƙi ko kaɗan. Ashe ruwan sama in ya bi ta kan zin ko tagulla yana ɗebo abin da ke hana baƙin da gansakukar tsiro, shi ya sa ake shimfiɗa siririn fallen zin ko tagulla a can ƙololuwar rufi. Mun sa an yi mana, an kuma roƙi maƙwabta aka sassare rassan mangwaron.

Inda suka gaza, sun ce da sassafe za su zo sai kusan azahar suka iso wai cunkoso, rana ta take maganin na saurin bushewa. Babban abin ma ba su tambayi ina ruwan indararo ke zuwa ba, mu kuma bututunmu tanki yake shiga, Allah ya taimaka ƙanwata ta lura muka cire kafin su fara feshi. Shukokin bakin katanga da ba su jiƙa ba ba su rufe ba duk sun ƙone. Sun kuma matsa sai mun yi fenti a kai, muka ce a'a.

Kuɗi da faɗin rufi suke yanka, ku yi ciniki a gama kafin su hau, a saka kwasar dattin tsakar gida a ciki. Dan Allah kar wanda ya haɗa kulorin da ruwan batir ko wani maganin wankin banɗaki, iskar da yake fitarwa guba ce. Masu tsohon rufin asbestos kuma, kar ku yarda a kankare shi ko a sa masa inji, ƙurarsa na lalata huhu kuma yana fashewa in aka taka, wannan ku nemi wanda ya san kansa tukuna.