Sharhi: yawon jirgin ruwa a mashigin Bosforus na Istanbul, wanne ya fi hutu

Jirgin rana ya fi na dare, jirgin hukuma kuma ya fi na 'yan kamasho. Wannan shi ne hukuncina bayan gwada kowannensu a mashigin Bosforus, ruwan da ya raba birnin Istanbul gida biyu, rabi a Turai rabi a Asiya. Wanda ya je Turkiyya sayayya ko asibiti ko hutu, ya samu rarar awa uku, da wuya ya kashe su a wani abu da ya fi wannan yawo sanyaya rai. Amma akwai sharuɗɗa, domin kujerar da ka zauna da lokacin da ka tashi su ne ke yanke hukuncin abin da za ka gani.

Mashigin yana da tsawon kusan kilomita 30, daga tekun Marmara a kudu zuwa Bahar Aswad a arewa. Yawancin jiragen yawo suna tashi ne daga Eminonu, dab da gadar Galata, kuma jirgin tiram mai lamba T1 yana sauke mutum a bakin tashar. Kamfanin jiragen fito na birnin, Şehir Hatları, wato na hukuma, yana da yawo iri biyu. Gajeren yana ɗaukar kimanin awa 2, ya kai wajen gada ta biyu cikin gadoji uku da suka ratsa mashigin ya juyo ba tare da an sauka yawo a ko'ina ba. Dogon kuma yana cin kusan awa 6, domin yana zuwa har ƙauyen Anadolu Kavagi kusa da bakin Bahar Aswad, ya tsaya can kamar awa 3 kafin ya komo. Lokutan tashi suna canzawa tsakanin bazara da hunturu, kuɗin tikiti ma haka saboda yadda darajar lira ke motsi, don haka a duba jadawalin a shafinsu na intanet ko a allon tasha kwana ɗaya kafin tafiya.

Matsala ta farko tana tsakanin tashar tiram da wurin sayen tikiti. Nan ne 'yan kamasho ke tare baƙo da takarda mai hotuna, suna cewa jirgi zai tashi yanzu-yanzu. Sau da yawa ba tashi zai yi ba, jira yake ya cika, sai ka shafe rabin awa ko fiye zaune a bakin ruwa rana na dukanka. Wasu kuma su faɗa maka kuɗi da yuro ko dala, alhali tikitin hukuma da lira ake sayensa a taga. Tambayoyi uku ke tona asirin kowane tayi: ƙarfe nawa daidai za a tashi, har ina za a kai kafin a juyo, kuma minti nawa ne a kan ruwa ba tare da lissafa jira ba. Duk jirgin da bai kai gada ta biyu ba ya rage maka mafi kyawun ɓangaren tafiyar. Ba duka jiragen 'yan kasuwa ne haka ba, akwai masu tashi a kan lokaci da tagar tikiti mai farashi a rubuce. Ka'idar dai ita ce kada ka ba wa mutumin da ya tare ka a titi kuɗi.

A isa tasha minti 30 zuwa 40 kafin tashi, musamman ranar Asabar da Lahadi da watannin Yuni zuwa Agusta. Tikitin ba ya ɗauke da lambar kujera, wanda ya riga shiga shi ke zaɓe. Masallacin Yeni Jami yana tsallaken titi daga tashar, saboda haka mai son hankalinsa ya kwanta sai ya yi alwala ya yi sallarsa kafin ya shiga layi.

Sai batun kujera, wanda a nan ne mafi yawan baƙi ke yin asara ba su sani ba. Idan jirgi ya nufi arewa, Turai tana hagu, Asiya tana dama. Yawancin jiragen yawo suna haurawa ne ta gefen Turai, su gangaro ta gefen Asiya. Wato wanda ya zauna a hagu gaɓar da ta fi kusa tana gabansa a tafiya, kuma da jirgin ya juya kudu, hagun nan dai ita ce ke kallon Asiya. Na dama kuwa zai wuni yana kallon faɗin ruwa da ƙeyar mutanen da suka taso suka tsaya a gabansa suna ɗaukar hoto. Kujerun waje da ke jere a jikin jirgin a bene na ƙasa sun fi na sama daɗi a ganina: suna kusa da ruwa, rufin bene na sama yana ba su inuwa, kuma babu filin da wani zai tsaya ya tare maka gani. A guji can bayan jirgi idan ba a jure warin gas, domin hayaƙin inji can yake komawa duk lokacin da iska ta juyo, ga kuma rawar injin da ake ji har cikin ƙafa.

Rana ma tana da nata lissafin. Da safe tana fitowa ta bayan Asiya, haskenta ya sauka a fuskar fadojin Turai, farin dutsen ya fito tas. Da la'asar kuwa tana bayan waɗannan gine-gine, hoto ya fito duhu, sai gidajen gefen Asiya su ɗauki hasken. Mai son hoton fadar Dolmabahce ya nemi tashin safe. Mai son hutu kawai, tashin la'asar ya fi sauƙin zafi.

Mintunan farko su ne mafi hayaniya. A bakin Eminonu ruwa uku ke haɗuwa, na Halic, wani reshen teku da ya kutsa cikin gari, da na Marmara da na Bosforus, ga jiragen fito suna gilmawa ta kowace fuska, kowanne yana barin igiyar ruwa a bayansa. Nan ne jirgi ke ɗan tangaɗi. Da an wuce, sai ya daidaita. Mashigin a kewaye yake da tuddai, ba ya yin irin manyan igiyoyin buɗaɗɗen teku, don haka ko wanda bai taɓa hawa jirgin ruwa ba yawanci lafiya yake sauka. Mai saurin jiri ya zauna tsakiyar jirgi a bene na ƙasa inda motsi ya fi ƙaranci, ya kafa ido a gaɓa, ya ajiye waya. Tashin zuciyar yana zuwa ne idan ido ya ce ana zaune wuri ɗaya, kunnen ciki kuma ya ce ana motsi, kallon waya ko zama a ɗakin da ba taga yana ƙara wannan saɓani. Maganin jiri ana shansa ne minti 30 zuwa awa 1 kafin shiga, ba bayan zuciya ta fara tashi ba, kuma yawancinsu suna sa barci.

Fadar Dolmabahce ce ke fara ɗauke hankali. An kammala ta a 1856 zamanin Sarki Abdulmajid na Daular Usmaniyya, ta miƙe kusan mita 600 a bakin ruwa, da ƙofofin ƙarfe farare waɗanda ke buɗewa kai tsaye kan teku. A cikinta Mustafa Kamal Ataturk, wanda ya kafa Jamhuriyar Turkiyya, ya rasu ranar 10 ga Nuwamban 1938. Daga titi katanga ce kawai za ka gani, an gina fadar ne tana fuskantar ruwa, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin hawa jirgi. Bayanta akwai fadar Ciragan da yanzu otal ce, sannan masallacin Ortakoy mai siraran hasumiyoyi biyu, zaune a bakin ruwa, gadar farko ta ratsa ta sama dab da shi. An buɗe gadar a 1973, aka sake mata suna a 2016 zuwa Gadar Shahidan 15 ga Yuli. Lokacin wucewa ƙarƙashinta a ɗaga kai: tana sama da mita 60 daga ruwa, ana jin gurnanin motoci yana saukowa daga can, sai kuma ya ɗauke da zarar an fita.

Daga nan ruwan ke fara nuna halinsa. Wajen Arnavutkoy akwai wani lungu da ake ganin ruwa yana gudu yana murɗawa kamar kogi a tsakiyar damina. Dalili shi ne Bahar Aswad ya ɗan fi Marmara tudu saboda manyan kogunan da ke zuba a cikinsa, irin su Danub, sai ruwan sama-sama ya riƙa kwarara kudu. A ƙarƙashi kuma akwai wani ruwan mai gishiri da nauyi yana tafiya arewa. Shi ya sa jirgi ke jan jiki idan yana haurawa, ya yi sauri idan yana gangarowa. A cikin wannan ruwa mai lanƙwasa ne manyan jiragen dakon mai da hatsi ke bi, kusan 40,000 a shekara, bisa yarjejeniyar Montreux ta 1936 da ta ba wa jiragen kasuwa 'yancin wucewa. Idan ɗayansu ya gilma kusa, a riƙe kofin shayi, igiyarsa tana isowa bayan shi ya yi gaba.

Wurin da ya fi ƙunci, kimanin mita 700, shi ne inda ganuwar Rumeli Hisari take, kuma a nan nake ganin kuɗin tikiti ya gama halatta. Sarki Muhammadu Alfatih na Daular Usmaniyya ne ya gina ta a 1452 cikin kusan wata huɗu, daura da ƙaramar ganuwar Anadolu Hisari da kakan mahaifinsa Bayazid na Ɗaya ya gina a ɗaya gefen tun shekarun 1390. Daga jirgi ake gane hikimar: igwa a nan, igwa a can, babu jirgin da zai kawo wa birnin, wanda a lokacin yake hannun Rumawa, agaji daga arewa. Shekara ɗaya bayan haka, a 1453, birnin ya faɗa hannunsa. Ganuwar Rumeli ɗin manyan hasumiyoyi uku ne da katanga tana hawa tudu tana sauka. Gaba kaɗan gada ta biyu ce, wadda aka buɗe a 1988 da sunan sarkin, kuma a wajenta gajeren yawo ke juyowa.

Dawowa ta gefen Asiya ta fi natsuwa. Nan ne tsofaffin gidajen katako na masu hannu da shuni suke, waɗanda ake kira yali, ja da fari da ruwan ƙasa, ruwa yana dukan matakalarsu, wasu da ɗakin ajiye kwale-kwale a ƙarƙashi. Za a wuce ƙaramar fadar Kucuksu, da fadar Beylerbeyi a gindin gadar farko, da masallacin Camlija mai hasumiya shida can kan tudu, wanda aka buɗe a 2019. Daga ƙarshe sai Hasumiyar Budurwa a kan ɗan tsibirinta kusa da Uskudar, da hasumiyoyin Aya Sofiya da fadar Topkapi suna fitowa a gaba. Kada a dogara da lasifikar jirgi wajen sanin sunayen nan, iska da inji suna cinye muryar. A sauke taswira a waya tun a masauki.

Cikin jirgi akwai wurin sayar da shayi a ƙananan kofunan gilashi masu siririn ƙugu, da burodin simit mai zobe da riɗi. Tsuntsayen teku suna bin jirgin, yara na jefa musu gutsuren burodi suna cafewa a iska kafin ya taɓa ruwa. Abin sha'awa ne, amma mai zaune ƙarƙashinsu da fararen kaya ya yi hattara. Jefi-jefi ana ganin kifin dolfin ya ɓullo ya nutse, sai dai wannan rabo ne.

A riƙe rigar sanyi ko da a bazara. Iskar kan ruwa ta fi ta cikin gari sanyi sosai, musamman idan ta arewa maso gabas ce ke kaɗawa, wadda suke kira poyraz. Hula da gyale suna tashi, a ɗaure su ko a riƙe. Ita kuwa iskar kudu maso yamma, lodos, takan tayar da ruwa har a soke tashin jirage, haka ma hazo mai kauri a hunturu. Saboda haka kada a bar yawon sai ranar ƙarshe ta zama a birnin. Mai yara ya duba inda rigunan kariya daga nutsewa suke tun da ya zauna, ya kuma riƙe hannun yaro wajen shiga da fita, domin jirgi yana ɗan motsi ko a ɗaure yake, tazarar da ke tsakaninsa da dakali tana buɗewa tana rufewa.

Dogon yawo na mai cikakken yini ne. Bayan gada ta biyu gine-gine suna raguwa, daji da ƙauyukan masunta su karɓa. A Anadolu Kavagi akwai gidajen cin kifi, da tsohuwar ganuwar Yoros a kan tudu, tafiyar minti 20 zuwa 30 a ƙafa, hawa ne mai tsauri. Daga can ake hango gada ta uku, ta Yawuz Sultan Selim da aka buɗe a 2016, da bakin Bahar Aswad. Ga dattijo ko mai ciwon gwiwa da ba zai iya hawan ba, awa 3 a ƙauyen tana da tsawo, gajeren ya fi masa.

Shi kuwa jirgin dare mai abinci, wanda otal-otal suka fi tallatawa, ban ga hutu a cikinsa ba. Ana zaune ne a ɗaki mai fitilu, gilashin taga yana mayar maka da fuskarka maimakon fada. Kiɗa yana da ƙarfi, yawanci akwai raye-raye da giya a teburin kusa, abincin kuma an dafa shi ne don ɗaruruwan mutane lokaci guda. Motar da ke kwaso baƙi daga otal zuwa otal takan ci awa guda a cunkoso kafin a ga ruwa. Mai son ganin gadoji da fitilunsu ya hau jirgin fito na yau da kullum daga Eminonu zuwa Uskudar bayan magariba da Istanbulkart, katin biyan kuɗin sufuri na birnin, tafiyar kamar minti 20 ce, ya zauna a waje, idan bai ƙoshi ba ya sake biyo na dawowa.