Readline a rumfar dankali: abin da na gani cikin wata huɗu

Kawuna dillalin dankalin turawa ne a kasuwar Farin Gada, nan Jos. Motoci na sauke masa kaya daga Bokkos da Mangu, ya raba wa masu sari, wasu su biya nan take, wasu sai sun kai Kano ko Abuja sun sayar. Da ruwan damina ya jiƙa rabin littafin bashinsa, sai na rubuta masa 'yar manhaja da Python, wani yaren rubuta manhaja, a kan tsohuwar laftof ɗina mai Linux. Ba hoto, ba linzami, baƙin allo ne kawai yana tambaya: wane ne, buhu nawa, nawa ya biya. Ranar da na gaya wa Kawu sunan allon nan tamina, ce mini ya yi, "Wace Taminus, ɗan nan? Kasuwar nan da ta ƙone?" Tun daga nan muka bar masa suna baƙin allo.

Satin farko mun sha wuya. Yaron rumfa zai rubuta suna, ya hango kuskure a tsakiya, ya danna kibiyar hagu don ya koma, sai ^[[D ya fito a gaban sunan. Ya sake dannawa, ya sake fitowa. Ashe madannin kibiya ba harafi ɗaya yake aikawa ba, bayit uku ne a jere (bayit shi ne ɗan ma'aunin da kwamfuta ke ajiye harafi da shi): lamba 27, sai alamar [, sai D. Gado ne daga na'urar VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978, har yau kuwa da shi ake tafiya. Umarnin input na Python, mai karɓar abin da aka rubuta, in ka bar shi tsirara, ba ruwansa da fassara wannan. Linux ke tara masa layin, Linux ɗin kuma abin da ya sani shi ne goge harafin ƙarshe, goge kalma ko layi, da miƙa komai in an danna Enter. Haka muka wayi gari da Ɗanladi uku a lissafi, biyu da tarkace a wutsiya, kowanne da bashinsa.

Haruffanmu masu lanƙwasa su ma sun kawo tasu. A UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit biyu ne. A injin nan, in ka goge ƙ sau ɗaya, rabinsa ke tafiya, rabin ya maƙale a ɓoye, a ido kuwa tas. Sai an zo adanawa manhajar ta tsaya cak tana zuba ƙorafi da Turanci. Umarnin stty iutf8 yana maganin wannan, amma bai san zancen kibiya ba.

Layi ɗaya na ƙara a saman manhajar: import readline. Shi ke nan. GNU Readline ɗin nan shi ne ke karɓar rubutu a bash, manhajar da ke karɓar umarni a baƙin allon Linux. Brian Fox ya fara shi a ƙarshen shekarun 1980, Chet Ramey ke riƙe da shi yanzu, kuma ko kobo ba a biya. Yana karɓe kibod daga hannun Linux ya riƙa karanta kowane danni da kansa. Kibiyoyi suka fara tafiya, ƙ yana gogewa gaba ɗaya, Ctrl da A su kai ka farkon layi, Ctrl da E su kai ka ƙarshe. Kibiyar sama ta dawo da abin da aka rubuta ɗazu.

Wanda ya fi burge ni shi ne cike suna da Tab. Da sassafe cikin sanyin hunturun Jos, yatsu sun ƙage, motoci biyu na sauke kaya, yaron ya buga "Ɗan", ya danna Tab sau biyu, sunayen duk masu farawa haka su jero. Kawu ya leƙo ya gani, ya ce, "Kai, abin nan ya fi ka sanin mutanena." Ban yi musu ba.

Sai dai bai iya Hausa ba sai an koya masa. Shu'aibu ne ya tona asirin. Ka rubuta "Shu'" ka danna Tab, shiru. Sa'idu ma haka, Isma'ila ma haka. Na kwana biyu ina zargin kaina kafin na gano cewa Python ya sa alamar hamza cikin jerin abubuwan da ke raba kalma da kalma, har da sarari, don haka abin da ke bayanta kawai ake nema. Da set_completer_delims na share jerin, aka zauna lafiya. Wanda duk zai shigar da sunayen mutanenmu ya fara da wannan.

Don sauƙaƙa wa yaron, na buɗe .inputrc, fayil ɗin saitin readline, na ɗaura ƙ a kan Alt da k, ɗ a kan Alt da d, ɓ a kan Alt da b. Ya yi aiki, amma da asara: Alt da d asali goge kalma yake yi, Alt da b kuma komawa baya da kalma ɗaya. Ni na yi kewarsu, shi bai ma san an taɓa yin su ba.

Abu ɗaya kuma laifina ne. Na sa a adana tarihin abin da aka rubuta sai lokacin rufe manhaja, batirin laftof ɗin kuwa ya daɗe da mutuwa. Aka ɗauke wuta da azahar, tarihin yini ya bi ruwa. Allah ya sa lissafin kansa yana wani fayil. Yanzu bayan kowane layi yake adanawa.

Ɗan Kawu ya so kwafa a kwamfutarsa mai Windows, nan fa aka tsaya, don Python na Windows ba ya zuwa da readline. Na ce masa ya gwada prompt_toolkit, mai yin irin aikin readline, wanda IPython, wata manhajar gwada Python, ya koma kansa tun 2016, ko ya kawo injin ranar Asabar in sa masa Linux. Ya ce zai yi shawara da Baba.