Keken gwanjo mai shakazoba ɗaya ko sabo mai biyu? Ga wanda za ka ɗauka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Cikin kekunan nan biyu da ka turo hotunansu, sabon mai shakazoba gaba da baya da na gwanjon mai shakazoba a gaba kawai, ɗauki na gwanjon. Tunda hanyoyin bayan dam ɗin Lamingo da gindin duwatsun Shere da ke wajen Jos kake son shiga, ni ban ga abin dogon tunani ba.

Irinsa nake hawa, Giant Talon mai taya inci 27.5, bodin alminiyom. Abin da ya fara sa ya shiga raina rashin nauyinsa ne. Keke irin wannan kilo 14 ne ko kusa da haka, shi kuwa wancan mai bodin ƙarfe da ƙaton sifirin a tsakiya yakan kai kilo 18, wani ma ya wuce. A kan kwalta ba za ka damu ba. Amma garin Jos kansa yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800, don haka duk inda ka sa gaba hawa ne da gangara. Kilo huɗun nan a cinyarka za ka biya su, kuma akwai wuraren da dole ka sauka ka saɓa keken a kafaɗa.

A ƙarshen daminar bara mun bi wata 'yar siririyar hanya ta cikin itatuwan turare, irin waɗanda aka shuka a tsofaffin filayen haƙar kuza, muka gangaro muka iske rafi ya kawo, ruwa jawur. Wani dattijo da ke aiki a gonarsa ta dankali ya ajiye fartanya ya zo ya nuna mana mashigi, ya ce mu bi inda duwatsu suka jeru, kada mu taka inda ruwan ya yi lumui. Na saɓa keken da hannu ɗaya, ɗaya hannun ina dafa dutse, ruwa har gwiwa, sanyinsa har cikin ƙashi. Da na haye sai na ɗaga tayar baya na juya feda, sarƙa ta zubar da ruwanta, na hau muka ci gaba, giya na shiga tsaf ba gardama. Da na koma gida bokitin ruwa ne da tsumma da ɗan mai a sarƙa, shi ke nan. Wallahi tun ranar nake ganin girman keken nan.

Wancan mai biyun na taɓa riƙe irinsa. Yana da laushi a titi mai ramuka, iyakar yabon da zan iya yi masa ke nan.

Abin da ke bayansa sifirin ne zalla a cikin gwangwani, babu mai a ciki da zai riƙe shi ya dawo a hankali. Kana taka feda yana lotsawa yana tasowa, wani ɓangare na ƙarfinka a nan yake ƙarewa, ga ka a kan hawa. Sannan mahaɗin da bayan keken ke lilo a kansa ƙusa ce da 'yar roba. Ruwan rafi da jar ƙasar Filato suka shiga ciki, kafin damina ta fita ya fara ƙara, tayar baya ta fara rawa hagu da dama, kuma mai gyaran keke ba shi da abin da zai sa maka a madadinsa. Akwai masu shakazoba biyu na gaske, masu iska da boris a kowane mahaɗi, amma kuɗinsu ya ninka na waɗannan biyun sau da yawa, kuma suna son sabis da kayan da ba a samu a kasuwarmu. Wanda ka turo ba ya cikinsu. Ka tuna ma waɗanda suka fara wannan wasa na hawan keke a kan duwatsu a Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970, tsofaffin kekuna suka riƙa gangarowa da su daga dutsen Tamalpais, babu shakazoba ko ɗaya. Mutanen ƙauyukan da za ka ratsa su ma da keken Phoenix suke bin hanyoyin nan ɗauke da buhu.

Yanzu ga abin da za ka duba a jikin na gwanjon, don ba kowane na gwanjo ne alheri ba. Tsuguna ka karanta abin da aka rubuta a jikin abin canza giya na baya. Kayan Shimano hawa-hawa ne: Tourney ne na ƙasa, sai Altus, Acera, Alivio, sannan Deore. Daga Altus zuwa sama ya ishe ka. Birki kuma, in ka samu na faranti mai aiki da mai, ka dace, domin bayan ka fito daga ruwa ko taɓo nan take yake kamawa, shi kuwa mai matse wili sai ya share laka tukuna kafin ya riƙe. Sai dai in na Shimano ne, mansa daban ne, kada ka bari wani ya zuba maka man birkin mota, zai cinye robobin ciki. Na faranti mai waya shi ma ba laifi, kuma kowane mai gyara zai iya da shi.

Shakazobar gaban, ka matse birkin gaba ka danna kan keken da ƙarfi. Ya kamata ta nutse ta dawo sumul ba ƙara, ƙarafunan nan biyu masu sheƙi kuma babu tsatsa ko ƙarzuwa a jikinsu. In tana da makulli a sama mai hana ta nutsewa, ka gwada shi, yana da amfani a doguwar hawa.

Akwai wani ƙaramin abu da ba a cika faɗa wa sabon shiga ba, bakin tub. Da yawa daga cikin kekunan da ake kawowa daga Turai siririn baki gare su, famfon mai faci na bakin hanya ba ya kama shi. Ka sayi ɗan abin da ake ɗaurawa ya mayar da shi irin na mota, ka bar shi a aljihu kullum, ko ka riƙa tafiya da ƙaramin famfonka. Hanyoyin can akwai ƙaya, ga shingen kerana a gefen gonaki, faci ba ya wuce kowa. Tub na taya mai inci 26 ya fi sauƙin samu a ko'ina, 27.5 da 29 kuwa sai cikin gari, don haka ka sayi biyu ka ajiye tun ranar da ka sayi keken.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa maka, ka yi hattara da wasu masu sayarwa. Akwai masu sayo bodin banza su fesa fenti su manna sitika mai sunan babban kamfani. Ka shafa sunan da yatsa. Na asali a ƙarƙashin fenti yake, ba ka jin bakinsa, na jabu kuwa farce na ɗaga shi. Akwai kayan giya masu suna kamar Shimano, harafi ɗaya kawai aka canza, ka karanta da kyau. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne tsagewa. Ka duba duk inda aka yi walda, musamman wuyan keken da ƙarƙashin sirdi da wajen feda. In ka ga sitika a inda ba wurin sitika ba, ko fenti sabo a wuri ɗaya tak, ka ce a ɓare. Alminiyom in ya tsage ya gama aiki, mai waldan bakin titi zai liƙe maka shi ya sake ɓallewa, kuma a gangara yake ɓallewa. Ka kifa keken ka duba lambar da aka buga a ƙarƙashin wajen feda. In an goge ta, ka bar musu kayansu ko nawa suka rage, wataƙila na sata ne. Kuma kada ka yarda da "ai sai a sauke sirdi". Ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, in sandar sama ta taɓa ka, ya yi maka girma. Masu cewa ka turo rabin kuɗi kafin ka ga kaya kuwa, ko amsa kada ka ba su.

In canji ya rage, hular kwano ce farko, sai safar hannu da kayan faci. Kada ka kai keken wurin wankin mota a buga masa ruwan inji, yana kore giris daga cikin boris. Tafkunan kuzan nan na wajen Rayfield da Bukuru suna da kyau a ido, amma suna da zurfi kuma bakinsu na zaftarewa, sun ci mutane, kada ka bi gaɓarsu a kan keke. Ranar da aka yi ruwa a kan duwatsu rafi na iya cika cikin ɗan lokaci ko da inda kake ba a yi ba. Kada ka shiga daji kai kaɗai, kuma ka tambayi mutanen gari halin da hanya ke ciki kafin ka wuce.

Kafin ka biya, turo mana hoton wuyan keken da na giyar baya da na lambar ƙarƙashi, mu duba maka. Allah ya sa albarka.