Sunan shafina na intanet: abin da na gani bayan na koma .com.ng

Turaren wuta da humra nake haɗawa a gida, nan wajen Ƙofar Ƙaura a Katsina, kuma rabin cinikina na mutanen nesa ne: Abuja, Kaduna, Maraɗi, inda ake kai musu saƙo ta tasha. Don haka a 2022 na biya wani yaro mai ilimin kwamfuta ya buɗe mini shafi. Ya yi aiki mai kyau, ban ƙi ba. Ya sayi suna mai ƙarewa da .com, na sa aka buga shi a jikin takardar da nake liƙa wa kwalabe, har da leda.

Ashe da imel ɗinsa ya yi rajistar. Shekara na zagayowa ya tafi bautar ƙasa kudu, lambarsa ta daina shiga, saƙon tunin biyan kuɗi kuwa can wurinsa yake zuwa. Wata amarya ce ta kira ni tana cewa, "Hajiya, shafinki ba ya buɗewa." A ranar na san cewa domen, wato sunan shafi, haya ce ta shekara-shekara, kamar rumfar kasuwa, kuma wanda sunansa ke kan takarda shi ne mai rumfa. Ɗan yayana da ke karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bincika mini. Ya ce, "Gwaggo, idan wa'adin .com ya ƙare akwai 'yan makonni na sassauci, sai kwana 30 da ake iya fanso shi da tara mai nauyi, sai kwana 5 a sake shi ga kowa." Duk wannan sai da izinin mai rajista, ni kuwa ba ni da ko kalmar sirri. Kafin mu samu yaron, wani ya riga ya ɗauke sunan ya kafa masa farashi da dala. Akwai masu wannan sana'ar: su tare sunayen da suka faɗi, su jira mai shi ya dawo yana nema. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ledoji kusan dubu na nan a ɗaki da adireshin da ya zama na wani.

Daga nan muka nemi wani kamfanin rajista na cikin gida, cikin waɗanda NiRA ta amince da su. NiRA ita ce ƙungiyar da ke kula da duk sunayen da ke ƙarewa da .ng, an kafa ta a 2005. Yanzu na fi shekara tare da kamfanin nan, kuma abin da ya fi kwanta mini shi ne biya da naira. Na tura kuɗi daga asusuna ta waya, kafin in idar da sallar la'asar suna ya zama nawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tuna lokacin da bankuna suka rufe sayayyar ƙasashen waje da katin naira. Shi .com wani kamfanin Amurka ne, Verisign, ke riƙe da shi, saboda haka ko a gida ka saya, farashinsa na bin dala. Tun faɗuwar naira a 2023 ya yi tsada sosai. Kuɗin .com.ng na shekara bai kai cinikin kwalba biyu na humra ba. Akwai .ng zalla, gajere kuma mai daɗin faɗi, amma ya fi tsada, na bar shi.

Wurin zaɓen suna muka fi daɗewa, kuma nan ne nake ganin Bahaushe ya kamata ya natsu. Akwai kalmar ƙamshi a sunan sana'ata. Da na rubuta ta da ƙ mai lanƙwasa, akwatin binciken ya ƙi karɓa. Haruffan boko na Turanci, da lambobi, da karan ɗori kawai ya yarda da su. Dole ƙamshi ya koma kamshi. Wannan da sauƙi, kowa zai gane. Amma a tuna ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, ko ɗaki da daki: lanƙwasa na faɗuwa, ma'ana na iya sauka wani wuri. Sai ga matsalar harafi biyu a jere, wani ya rubuta turare, wani turrare. Abin da na yi, na kira ƙawayena uku a waya, na faɗa musu sunan sau ɗaya, na ce kowacce ta rubuto mini. Sunan farko kowacce da irin rubutunta. Na biyu duka suka dace, shi na ɗauka. Na ƙi sa karan ɗori, don ba ya faɗuwa a baki idan kana yi wa mai saye kwatance a waya.

Inda ban ji daɗin kamfanin ba kuwa, wajen biya ne. Na tarar an riga an zaɓa mini wasu ƙarin hidimomi da ban nema ba, kuɗin ya kusa ninkawa. Ba don idon ɗan yayana ba da na biya. Farashin shekarar farko an rubuta shi ɓaro-ɓaro, na sabuntawa kuwa, wanda ya fi shi, sai ka tona. Sannan komai da Turanci ne. Ranar da na so haɗa sunan da masaukin shafina, wato inda ake ajiye shafin a intanet, na rubuta musu koke, sai bayan kwana biyu amsa ta zo, cike da kalmomin da sai an fassara mini. Kamfanin da ke cin kuɗin 'yan Arewa ya dace ya ajiye ko mutum ɗaya mai jin Hausa a kan layi. Shafin nasu ma ya fi dacewa da kwamfuta. A waya sai ka yi ta ja da faɗaɗawa.

Akwai kuma wata illa da ba laifinsu ba ce. Har yanzu wasu masu sayena na mantawa da .ng ɗin ƙarshe, su faɗa adireshin da ba nawa ba. Na riƙa rubuta shi da manyan baƙi a kan sabuwar leda, abin ya ragu.

Saƙon tuni yana zuwa mini tun saura wata guda, a imel ɗina, da sunana da lambata a rajista. Na tambaye su ko zan iya ƙaura zuwa wani kamfani in na ga dama, suka ce akwai lambar sirri ta ƙaura da za su ba ni, na kuwa ga wurin neman ta da idona. Wannan ya sa na sabunta na shekara biyu a watan jiya, na rubuta ranar ƙarewar a bangon littafin bashi, inda nake dubawa kullum.