Gargaɗi ga masu neman tsohuwar Land Rover: an raba ni da fam 8,450 a kan motar da ba ta mai tallarta ba ce

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta ta, domin da nauyi a ce mutumin da ya shafe shekara goma sha ɗaya yana kwance tsofaffin motocin daji yana ɗaurawa ya fito ya faɗi da bakinsa cewa an damfare shi a kan mota. Amma jiya na sake ganin tallar, da hotunan nan dai, da wata sabuwar lambar waya, sai na ga cewa shirun da nake yi taimakon ɓarawo ne. Fam 8,450 ya karɓa daga hannuna. Fam 8,450, a biya uku, a kan Land Rover Series IIA ƙirar 1965 da ke Ingila, wadda ba tasa ba ce, kuma yanzu na tabbata ko sitiyarinta bai taɓa riƙewa ba.

Kafin wani ya ce araha ce ta ruɗe ni, ina so a fahimci cewa ni ba sabon shiga ba ne. Na san motocin nan ciki da waje. Na san cewa bodinsu alminiyam ne, tun daga ta farko da aka nuna a Amsterdam a 1948, saboda haka kyan bodi ba ya nuna komai, domin tsatsa tana cin shasi ne da bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin direba. Na san cewa an ƙera Series IIA daga 1961 zuwa 1971, kuma akwai masu ɗaukar Series III su sauya mata fuska su sayar da ita a matsayin wadda ta girme ta. Irin wannan algus ɗin nake tsoro, kuma a kansa na zuba ido. Na duba fitilun gaba na ga suna tsakiya a jikin raga, yadda ya kamata ga ƙirar 1965, domin sai wajen 1969 aka fitar da su gefe da gefe. Na ga agogunan suna tsakiyar dashbod na ƙarfe maimakon gaban direba. Na ga kowane gilashin gaba da nasa ƙaramin injin share ruwa. Lambar shasi ta fara da 241, wato gajera mai inci 88 tsakanin tayoyin gaba da na baya, mai shan fetur, wadda aka yi don kasuwar Ingila. Komai ya dace da komai. Ina ƙalubalantar duk mai yi mini dariya ya nuna mini abu guda a jikin motar da na kasa gani.

Kuɗin ma bai kai arahar da za ta sa mutum ya tsargu ba. Fam 7,300 ya sa mata, kuma ya ba da dalili, wato tsatsar da ke wurin ajiye ƙafa. Nan ne ya kama ni, kuma wurin nan nake komawa kullum idan na kwanta. Ban tambaye shi ba. Shi da kansa, a rana ta biyu da fara maganarmu, ya rubuto mini cewa akwai abin da yake so in sani kafin mu yi nisa: wurin ajiye ƙafa na gefen direba ya ruɓe, sai an yanke an yi walda, giyabos yana ɗigar mai, kuma idan ni mai son motar da zan hau gobe ne gara in nemi wata. Ya haɗa da hoton wurin, an haska shi da tocila, ana ganin ramin da yatsa biyu za su shiga da ɓawon tsatsa a gefensa. Na kalli hoton nan na ce a raina, wanda ya faɗi aibin kayansa tun ba a tambaye shi ba, mutumin kirki ne. Daga wannan lokacin na saki jiki. Na karanta saƙon nan ya fi sau hamsin daga baya ina neman inda ƙaryar take, ban samu ba, domin babu ƙarya a cikinsa. Ramin yana nan, man yana ɗiga. Mai maganar ne kawai ba shi ne mai motar ba.

Kuma na gwada shi, kada a ɗauka ban gwada ba. Na tambaye shi wane kan batir ne aka haɗa da bodi, domin motocin kafin 1967 da kan tarawa, wato mai alamar +, ake haɗa su, kuma da yawa an juya su daga baya. Ya ce bari ya duba, washegari ya dawo da amsa daidai, har da hoton batir. Na tambaye shi giya ta biyu, ya ce tana kukan haƙori idan ba a taka kuloci sau biyu ba, wanda haka Series IIA take, tunda giya ta uku da ta huɗu ne kaɗai ke shiga sumul. Na nemi bidiyon tayar da inji da sanyin safiya, ya turo: ga injin mai lita biyu da kwata yana tashi a bugu na biyu, ga hannu yana danna sandar nan mai jan kai da mai rawayan kai, waɗanda ke sa motar ta ja da tayoyi huɗu. Kowace amsa tana ɗaukar kwana guda. Ya ce motar tana rumfar ajiya a gonar surukinsa, sai ya tashi daga aiki yake zuwa. Na yarda, har ina ba shi haƙurin wahalar da nake ba shi. Ni ne nake ba shi haƙuri.

Biya na uku shi ya fi ci mini rai, ko da yake shi ne mafi ƙanƙanta, fam 1,150. A lokacin na riga na ba da fam 7,300 cif, an ce motar tana tashar jiragen ruwa, sai ga saƙo daga kamfanin dakon da ya haɗa ni da shi cewa ba za a sa ta cikin kwantena ba sai an biya inshora da kuɗin wanke ƙarƙashinta, kuma jirgin zai tashi ranar Juma'a. A ranar gabana ya faɗi. Ya faɗi ƙwarai. Amma mutumin da ya zuba fam 7,300 ba ya son jin abin da zuciyarsa ke faɗa masa, sai na biya don kada na farkon ya salwanta, alhali ya riga ya salwanta tun makonni biyu da suka wuce.

Na tsallake wani abu, kuma shi ne ginshiƙin maganar. Kafin in ba da ko sisi, kafin kafin alƙalamin fam 2,500, na nemi hujjar da kowa ke cewa a nema. Na ce ya rubuta sunana da kwanan wata a takarda, ya ajiye kusa da lambar da aka buga a jikin shasi, can gaba ta hannun dama wajen maƙalin sifirin, ya ɗauki hoto. Bayan kwana guda hoton ya zo. An goge wurin da burushin waya, lambar ta fito sarai, ta yi daidai da wadda ke kan farantin cikin mota, ga farar takarda da sunana da shuɗin biro, an danne ta da sifana don kada iska ta ɗauke. Na ƙara girman hoton ina neman alamar haɗi, babu. Hoton gaskiya ne. Yayana ya ce mini a daren, “Kai dai ka bi a hankali, gani ya kori ji.” Na nuna masa hoton na ce, “Yaya, ai ga ganin nan.” Da safe na tura fam 2,500.

Ko kuwa na fara ganin takardar rajistar ne kafin hoton? Ina jin takardar ce ta riga zuwa. Hoton V5C ne, takardar rajistar mota ta Ingila, an rufe suna da adireshi da yatsa, wai don tsaro. Na san sarai cewa a jikin takardar an rubuta cewa ita ba shaidar mallaka ba ce, na sha faɗa wa wasu haka, amma ranar ban tuna ba. Na kuma shiga na duba tarihin gwajin lafiyar motar, wanda ake iya gani kyauta da lambar mota, na ga ya tsaya shekarun baya. Ya ce ai motar da ta haura shekara 40 an ɗauke mata wannan gwajin tun 2018. Wannan ma gaskiya ne. Da gaskiya mutumin nan ya yi ta yanka ni tun daga farko har ƙarshe.

Sauran kuɗin, fam 4,800, ba a asusunsa na sa ba, kuma wannan ne ya ƙara kwantar mini da hankali. Shi ne ma ya ce kada in ba shi, in ba kamfanin dako da zai riƙe kuɗin amana har motar ta iso hannuna in duba ta. Kamfanin yana da shafi a intanet, da lambar bin sawun kaya, da rasit mai hatimi, da wata mace mai amsa saƙo cikin ladabi. Fam 2,500, fam 4,800, fam 1,150. Na sha haɗa su ko za su ragu, kullum fam 8,450 suke ba ni. Sunan da ke kan asusun kamfanin sunan mutum ne, ba na kamfani ba, kuma na gani da idona a lokacin da nake turawa. An ce mini sunan akawunsu ne. Wannan kam ba ni da abin da zan kare kaina da shi, kuma ba zan yi ƙoƙari ba.

Kwana tara bayan Juma'ar da aka ce jirgi ya tashi, shafin kamfanin ya daina buɗewa. Lambar wayarsa ta mutu a ranar. Ya yi layar zana, ko sama ko ƙasa. Na kwana ina neman lambar motar a intanet, wajen asuba na ci karo da ainihin tallar, da hotunan nan, da farashin da ya haura fam 11,000, an rubuta an sayar. Na sami mai motar, wani dattijo da ta shekara ashirin da wani abu a hannunsa. Da na faɗi sunana sai ya yi shiru, sannan ya ce ai ya san sunan: ni ne mutumin da ya dame shi da tambayoyi mako uku, na sa shi ya kwanta a ƙasa da burushin waya, ya rubuta sunana a takarda, sannan na ɓace ban zo ganin motar ba.

To, kun ji yadda aka yi. Ɓarawon ya je wa dattijon da sunana a matsayin mai saye. Duk tambayar da na yi masa sai ya kwashe ta ya tura wa dattijon, duk amsar da dattijon ya bayar sai ya turo mini. Shi ya sa kowace amsa take kwana. Babu gonar suruki, babu rumfar ajiya. Hannun da na gani a bidiyo hannun dattijon ne, shuɗin biron nasa ne, sifanar tasa ce. Har maganar tsatsar da ta sa na amince, dattijon ne ya rubuta ta, domin shi mai gaskiya ne, ɓarawon bai sauya ko harafi ba. Mako uku ina ciniki da mutumin kirki ban sani ba, wani yana tsakani yana karɓar kuɗin. Sanin motar da nake taƙama da shi ma shi ya yi masa aiki, domin tambayoyina ne suka sa dattijon ya ɗauke shi a matsayin mai saye na gaske.

Na kai ƙara banki, sun ce ni na tura da hannuna kuma an kwashe kuɗin cikin sa'o'i, suna bincike. Na shigar da ƙorafi wurin 'yan sandan can, an ba ni lamba. Ina da komai a ajiye: hotunan hirarmu daga farko har ƙarshe, rasit uku, hoton shafin kamfanin kafin ya ɓace, da sabuwar tallar da na gani jiya. Zan fitar da su da zarar na gama rufe sunan dattijon da lambar motarsa, domin shi bai yi wa kowa laifi ba, kuma wanda ya sayi motar bai kamata a dame shi ba. Duk wanda ya ga koriyar Series IIA gajera mai farin rufi a kan fam 7,300 ko kusa da haka, da labarin gonar suruki, ita ce.

Shawarata gajera ce. Hoto mai sunanka ba hujja ba ce. Ka kira shi ta bidiyo kai tsaye, ba tare da ka sa masa lokaci ba, ya nuna fuskarsa da motar tare, ya buɗe ƙofar da ka ce ya buɗe a nan take. Idan kowace amsa sai ta kwana, ka tsaya. Kada ka yarda da kamfanin riƙon amanar da mai sayarwa ya zaɓa, kuma ka biya wani ya je ya taɓa motar da hannunsa kafin ka tura komai.

Ni ban kira shi ta bidiyo ba. Sau ɗaya na nema, ya ce babu sabis a gonar, na ce ba komai. Na ce ba komai, a kan fam 8,450. Har na riga na sayi faranti biyu na wurin ajiye ƙafa da kayan gyaran giyabos, na matsar da ɗaya motar na share mata wuri a gareji. Kwalin farantan ya iso ranar Litinin, yana nan bakin ƙofa, ban buɗe shi ba.