Roba, Dambel ko Gidan Motsa Jiki: Wanne Mai Shekaru Zai Saya?

Tsufa yakan fara nuna kansa ne a wajen tashi daga zaune. Sai mutum ya dafa gwiwa, ya dafa hannun kujera, ya yi nishi kafin ya miƙe. Gaɓɓai ake ɗora wa laifi, alhali sau da yawa tsokar cinya ce ta zube. Daga shekara 30 jiki yana rasa kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari na tsokarsa duk shekara goma, bayan an haura 60 kuma abin ya ƙara sauri. Tattaki yana da amfani ga zuciya, amma ba ya maido da tsokar da ta tafi. Sai an ɗora mata nauyin da ya fi wanda ta saba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce manya su riƙa atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su haɗa da atisayen da ke hana faɗuwa kwana uku.

Kafin a fitar da kuɗi a sayi kayan atisaye, akwai wani bincike da ya kamata mai saye ya sani. A 1990 Maria Fiatarone da abokan aikinta na Jami'ar Tufts suka wallafa sakamakon aikin da suka yi da tsofaffi goma a wani gidan kula da tsofaffi na Boston, a Amurka, masu shekara 86 zuwa 96. Mako takwas suka yi suna ɗaga nauyi da ƙafa, sau uku a mako, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaici. Ba nauyin wasa aka ba su ba: kusan kashi 80 ne na iyakar abin da kowannensu zai iya ɗagawa sau ɗaya, kuma ana ƙara shi duk lokacin da suka ƙara ƙarfi. Don haka tambaya biyu nake yi wa kowane irin kaya. Za a iya ƙara nauyinsa? Yana taɓa cinya da ƙugu?

Robar atisaye ita ta fi araha, kuma ita ce ta fi sauƙi ga wanda bai taɓa yi ba. Ba ta faɗo wa mutum a ƙafa, tana shiga jaka, a zaune ma ana iya amfani da ita. Ga kafaɗa da baya ba ta da na biyu a gida. Ana bambanta taurinta da launi. A jerin robobin kamfanin TheraBand rawaya ce mai laushi, sai ja, kore, shuɗi, baƙa, amma kowane kamfani da nasa tsarin, kada a ɗauka jan wannan daidai yake da jan wancan. A sayi saiti, ba ƙwara ɗaya ba. Aibinta shi ne ba ka san kilo nawa kake ja ba, kuma cinya takan fi ƙarfinta cikin 'yan watanni. Zafi da rana suna cinye ta, ranar da za ta tsinke kuwa ba ta sallama, don haka a riƙa duba ta kafin a ja. Wanda fatarsa ba ta jituwa da ɗanyar roba ya nemi wadda aka rubuta babu "latex" a cikinta.

Dambel, wato ƙarfen da ake riƙewa a hannu ɗaya, nan ne aka fi yin asarar kuɗi. Mutum ya sayo 'yan ƙanana masu kilo ɗaya don suna da kyan gani, bayan mako uku sun zama abin tokare ƙofa. Wanda ke iya ɗaukar jikansa ɗan shekara biyu ya riga ya saba da kilo goma ko fiye. Me kilo ɗaya zai ƙara masa? Idan da hali, a sayi wanda ake ƙara wa faifai. Iri biyu ne: mai noti da ake murɗawa, wanda ke ɗaukar lokaci amma ba ya lalacewa da wuri, da mai maɓallin juyawa, wanda ya fi tsada kuma ba ya son a yar da shi ƙasa. Mai amosanin gaɓɓai a yatsu zai sha wuyar noti. Abin da na fi dubawa shi ne ƙaramin faifan da ke cikin saitin. In ba a iya ƙara rabin kilo ko kilo ɗaya, sai dai a yi tsalle da kilo biyu da rabi, to kafaɗar mai shekara 70 za ta koka. A kuma riƙe shi a hannu kafin a biya, domin mariƙi mai santsi ko mai kauri da yawa yana gajiyar da yatsu kafin cinya ta ji komai. Da dambel ɗaya a rungume a ƙirji, a zauna a kujera a tashi sau takwas zuwa goma sha biyu, an yi babban aikin.

Ƙarfen nan mai kama da buta, ketilbel, yana da kyau, sai dai lilo da shi yana bukatar mai koyarwa. Ba zan fara da shi ba.

Gidan motsa jiki ya fi duka a abu ɗaya: injin tura nauyi da ƙafa. Bayanka a jingine, nauyin yana kan hanyarsa, ƙari kuma fil kawai za a matsar. Ga wanda jiri ke ɗiba, ko mai larurar raunin ƙashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne. A binciken LIFTMOR na Jami'ar Griffith a Ostareliya, mata masu raunin ƙashi da suka daina al'ada sun ɗaga nauyi mai yawa na minti 30, sau biyu a mako, tsawon wata takwas, ƙashin bayansu ya ƙara ƙwari da kusan kashi 3 cikin ɗari. Amma a gaban ƙwararru suka yi, kuma kuɗin gidan motsa jiki ƙwararren yake saye, ba madubi da kiɗa ba. A biya na wata ɗaya tukuna. A tambaya ko akwai wanda ya saba aiki da tsofaffi. In wurin ya yi nisa, a wata na biyu za a daina zuwa.

Bel ɗin da ke girgiza ciki da ɗan keken da ake juyawa a gaban talabijin ba sa cikin wannan lissafi, tunda babu nauyin da suke ƙarawa.

Da ni ne mai saye wa iyayena, da saitin roba zan fara, da kujera mai ƙwari wadda ba ta da taya, a jingine da bango. Ranar da tashi goma sha biyar ya zama ba komai, sai dambel mai faifai. Mai hawan jinin da bai daidaita ba, ko ciwon zuciya, ko wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ya ga likitansa kafin ya fara. Kowa kuma ya fitar da numfashi yayin ɗagawa, domin riƙe shi yana harba jini sama nan take.