Wata uku da Rollei 35 ɗin Kawu

A akwatin ƙarfen Kawu, Allah ya jiƙansa, na tsinci kyamarar nan naɗe cikin tsohon rawani. Da kaɗan ta fi kwalin sigari, amma in ka ɗaga ta ka san ƙarfe ka riƙe. An rubuta Singapore a bayanta, ke nan ba ta cikin na farko da aka ƙera a Jamus.

Heinz Waaske ne ya ƙirƙiro ta yana ma'aikaci a kamfanin Wirgin. Maigidansa ya ƙi samfurin, mutanen kamfanin Rollei suka karɓa, suka fito da ita a baje kolin Photokina na 1966. Idon da ke kan samfurin gwajin, wato gilashin gaba da hoto ke shiga ta cikinsa, Cassar ne mai gilashi uku. Na tawa Tessar ne mai gilashi huɗu, milimita 40, kuma don shi nake wannan rubutu.

Da hantsi na ɗauki masunta a bakin Binuwai, ƙarƙashin gadar Garwa. Da hoton ya fito, ana ƙirga ramukan taru ɗaya bayan ɗaya, har da facin da ke gwiwar wandon yaron da ke tuƙa kwalekwalen. Hazon hunturu ma ya fito a hazonsa, ba irin na waya da ke shafa wa komai mai ba.

Sai dai tana da hali. Ba ta auna nisa, kai za ka kintata mita nawa ne ka murza zoben. Cikin hotuna 36 na farko, tara sun yi dishi-dishi, har da na Inna tana tankaɗe, wanda na fi so. Batirinta na asali an daina yinsa, mazauninsa kuma yana ciki wajen fim, ba ya canzuwa sai fim ya ƙare. Fitilar haska hoto a ƙasa ake maƙala ta, sai ka kifa kyamarar.

Idonta yana shigewa cikin jikinta in an gama aiki. Rannan na so tura shi ciki da ƙarfi ya ƙi. Wani dattijo mai gyaran agogo a kasuwa ya riƙe hannuna: "Ɗana, ja fim tukuna, sannan ka danna maɓallin. In ka karya ta, ba mai gyara maka a garin nan." Na ce, "Na gode, Baba." Ina ja kuwa ya shige sumul.

Wankin fim sai na aika Kano ta hannun wani ɗan kasuwa. Na biyu yana can yau kwana 19.